Yadda Ake Zaɓen Ƙwan Ƙyanƙyasa: Irin Kaza, Girman Ƙwai, da Abin da Ke Hana Tsako Fitowa

Duk wanda ya taɓa jera ƙwai 50 a injin ƙyanƙyasa, ya yi ta tsaron zafi da ruwa har kwana 21, sannan ya tashi da 'yan tsaki 15, ya san irin ɓacin ran da ke biyo baya. Abin da ke fara zuwa bakin mutum shi ne, “Injin nan ba shi da kyau.” Wani lokaci da gaskiyarsa. Amma sau da yawa asarar ta riga ta auku tun ƙwan bai shiga inji ba: ko zakara bai yi aikinsa ba, ko an ɗebo ƙwan da bai dace da ƙyanƙyasa ba. Irin kazar da kake kiwo da girman ƙwan da ka zaɓa suna da hannu dumu-dumu a nan, kuma dukansu abubuwa ne da kake iya dubawa da idonka, da tocila, da ƙaramin sikeli.

Mataki na farko: raba tambayar gida biyu

Ƙwai kan ƙi fitar da tsako ta hanya biyu, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai ƙwan da ba shi da zakara tun asali, wanda ko shekara ya yi a ƙarƙashin kaza babu abin da zai fito. Akwai kuma ƙwai mai zakara da tayin ya fara girma a ciki sannan ya mutu a hanya. Na farko laifin iyaye ne, musamman zakara. Na biyu kan fito daga girman ƙwai, ingancin ɓawo, ajiya, gado, ko yadda aka tafiyar da inji.

Saboda haka lissafi uku za ka riƙa yi a kowane zubi. A ce ka sa ƙwai 50, da ka haska su da tocila ka ga 40 na da zakara, a ƙarshe 34 suka ƙyanƙyashe. Masu zakara kashi 80 cikin 100 ke nan. Waɗanda suka fito daga cikin masu zakara kashi 85 ne. Waɗanda suka fito daga dukan abin da ka sa kashi 68 ne. Wanda ya tsaya kan 68 kaɗai zai je ya yi ta taɓa inji, alhali ƙwai 10 daga cikin 16 da ya rasa a akurki aka ɓata su. Ka sami littafi ka riƙa rubuta waɗannan lambobi uku, kowane iri da shafinsa. Duk sauran matakan a kan wannan littafin suke tsaye.

Mataki na biyu: san irin kazar da ke hannunka

A nan zan daɗe, don a nan ne mutane suka fi yin sakaci.

Kaji marasa nauyi, irin su Leghorn mai asali daga Italiya da Fayoumi ta Masar, zakarunsu na da zafin nama, ba sa gajiya da barbara. Zakara ɗaya na iya riƙe kaji 12 zuwa 15 kuma ƙwan ya fito da zakara sosai. Inda Leghorn ta gaza shi ne kwanci: an daɗe ana zaɓen masu yawan ƙwai har son kwanci ya kusa fita daga jininta. In ita kake kiwo, sai ka tanadi inji ko wata kaza mai kwanci.

Masu matsakaicin jiki, waɗanda ake kiwo don ƙwai da nama gaba ɗaya, kamar Rhode Island Red da Plymouth Rock na Amurka da Sussex ta Ingila, zakara ɗaya ga kaji 10 ya yi daidai. Ga mai farawa, su na fi ba shi shawara, don ba su cika ba da wahala ta wannan fanni ba.

Manya masu tulin gashi, wato Brahma, Cochin da Orpington, labarinsu daban. Zakaran na da nauyi, yana da sanyin jiki, yana daɗewa kafin ya balaga. Sannan ga gashi cunkus a kewayen dubura, a jikinsa da jikin kazar. Zakara ba shi da gaba irin ta dabbobi. Barbararsa haɗuwar dubura da dubura ce ta ɗan lokaci kaɗan. In gashi ya shiga tsakani, za ka ga ya hau ya sauka kullum, ka ɗauka komai lafiya, amma maniyyi a gashi yake tsayawa. Gyaran mai sauƙi ne: ka sa almakashi ka rage gashin da ke kewaye da duburar zakaran da ta kajin, ka datse kawai, kada ka tuge, don wanda aka tuge yana sake tsirowa da wuri. Ka kuma rage masa mata zuwa 5 ko 8 in ya yi yawa. Cornish, wadda ake kira Indian Game, ba ta da wannan gashin, amma faɗin ƙirji da gajerun ƙafafu na hana zakaran daidaita kansa a bayan kaza.

Iyayen kajin nama na kamfani, irin Cobb da Ross, sun gaji wannan matsala ta nauyi. Shi ya sa gonakin da ke kiwonsu auna musu abinci suke yi kullum. In aka bar zakaran ya ci yadda yake so, ƙiba za ta danne shi, tafin ƙafarsa ya yi gyambo, ya daina hawa. Ko da kulawa, ƙwai mai zakara kan fara raguwa bayan garken ya wuce mako 40, har akan shigo da sababbin samarin zakaru don su tayar da tsofaffin. Wani abu kuma: kajin naman da ake sayarwa don kiwatawa, da masu ƙwai irin ISA Brown, 'ya'yan haɗin iri ne da kamfani ya tsara. In ka sa musu zakara ƙwansu zai ƙyanƙyashe, amma 'ya'yan ba za su fito kamar uwayen ba, za su rarrabu a girma da yawan ƙwai.

Sai kuma abin da ba ya ganuwa a sama, wato gado mai kisa. Wasu siffofin da masu kiwo ke so suna tafe da wata ƙwayar gado wadda in tsako ya samo ta daga uwa kaɗai ko uba kaɗai ba ta kashe shi, amma in ya samo ta daga duka biyun sai ya mutu a cikin ƙwai.

Misali mafi shahara shi ne gajerun ƙafafu na Chabo ta Japan da Scots Dumpy ta Sikotilan. In ka haɗa zakara durgu da kaza durgu na waɗannan iri, a kowane ƙwai 4 masu zakara, ɗaya zai mutu, galibi a kwanakin farko, biyu su fito durgu, ɗaya ya fito da dogayen ƙafafu. Babu injin da zai hana wannan. In kana son kauce wa asarar, haɗa durgu da mai ƙafa ta daidai: rabin 'ya'yan durgu, rabi masu dogayen ƙafafu, babu mai mutuwa saboda wannan gadon. Ba kowane durgu ba ne ke ɗauke da wannan ƙwayar, akwai gajartar da ke zuwa ta wata hanya. Littafinka ne zai nuna maka: in kullum kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutuwa da wuri a wannan haɗin kaɗai, ka gano.

Araucana, mai ƙwai shuɗi, mai asali daga Kudancin Amurka, tana da tukkun gashi a gefen kunne. Tsakon da ya gaji tukkun ta ɓangare biyu yakan mutu dab da fitowa, wajen kwana na 17 zuwa 19. Wannan ya fi ciwo, don mai kiwo zai fasa ƙwan ya ga tsako cikakke, ya ɗora wa laimar inji laifi. Ga shi kuma da yawansu ba su da wutsiya, abin da ke ƙara wahalar barbara.

Wyandotte kuwa zankonta ne. Tana da zanko shimfiɗaɗɗe mai ƙananan tsinaye, ba mai tsayuwa ɗaya ba. An daɗe da lura cewa zakaran da ya gaji wannan zanko daga uwa da uba maniyyinsa ba ya gudu sosai, kuma a 2012 masu bincike suka gano dalili: wani yanki na ƙwayar gadon ya juye baibai, ya taɓa wurin da ke da hannu a motsin maniyyi. Irin wannan zakara yana haihuwa, amma ka rage masa mata, kada ka raba shi da su na kwanaki, kada kuma ka haɗa shi da zakara mai zanko tsayayye a gida ɗaya in kana son 'ya'yansa, don wancan zai riga shi.

Abu na ƙarshe kan iri: auren dangi. Zakara ɗaya ya haifi kaji, ya barbari 'ya'yansa, ɗansa ya gaje shi ya barbari 'yan uwansa. Shekara ta farko ba za ka ga komai ba. Zuwa zuri'a ta uku ko ta huɗu sai ƙyanƙyasa ta yi ta raguwa, 'yan tsaki na fitowa da rauni. Shigo da zakara daga wani garke mai lafiya lokaci-lokaci.

Mataki na uku: shirya iyayen tun kafin ka fara tara ƙwai

Ka ɗauki zakaran a hannu ka duba shi. Zanko ja mai sheƙi, ido garau, ƙirji mai tsoka ba kitse ba, tafin ƙafa babu kumburi, yatsu miƙaƙƙu. Ɗaga gashin duburarsa: ta zakara mai aiki ja ce mai danshi, ta wanda ya daina aiki busasshiya ce ta koɗe. Zakara ya fi ƙarfi daga balagarsa zuwa shekara 2 ko 3. Lokacin da yake zubar da gashi, ko lokacin tsananin zafi, maniyyinsa na raguwa ko da lafiyarsa lau, don haka a ba su inuwa da ruwa mai sanyi.

Abincin iyaye ya fi na masu ƙwan ci buƙatar bitamin. Kaza na iya yin ƙwai kullum da abincin da bai isa gina tsako ba. Bitamin A da E na taimaka wa zakara. Ƙarancin bitamin B2 na kashe tayi a tsakiyar kwanci, waɗanda suka mutu kuma sai ka ga gashinsu a dunƙule. Ƙarancin manganis na kawo gajerun ƙafafu da baki lanƙwasasshe. Ka fara ba su abincin iyaye mako 3 zuwa 4 kafin ka soma tara ƙwai, da garin ɓawon kawa ko farar ƙasa a mazubi daban don ƙarfin ɓawo.

Game da lokaci: kaza tana da wasu 'yan aljihuna a mahaifarta inda take adana maniyyi. Bayan barbara, ƙwai mai zakara na farko kan fito ne bayan kwana 2, kuma tana ci gaba da yin mai zakara kwana 10 zuwa 14, wani lokaci har mako 3. In ka sa sabon zakara a garken da babu zakara, ba shi mako guda ya zagaya kowa. In kuwa canza zakara ka yi kuma kana son tabbatar da uban 'ya'yan, jira mako 3 cif.

Mataki na huɗu: fasa kaɗan ka gani

Kafin ka cika inji, sadaukar da ƙwai 5 ko 10. Fasa kowanne a faranti a hankali, ka juya gwaiduwar da cokali har ka ga wani ɗan farin ɗigo a kanta. In ɗigon ƙarami ne, fari fat, gefensa ba a daidaice ba, babu zakara. In ya fi faɗi, kamar milimita 3 zuwa 4, zagayayye, da farin zobe a kewaye da ɗan haske a tsakiya, akwai zakara. In cikin 10 ka sami 9, ci gaba. In 5 ka samu, koma akurki, kada ka ɓata mako 3 a banza.

Mataki na biyar: ɗora ƙwai a sikeli

Ido yana ruɗi wajen girman ƙwai. Nemi sikelin da ke auna giram ɗaya-ɗaya.

Abin da aka daɗe da tabbatarwa shi ne ƙwai matsakaici ya fi ƙyanƙyashewa, manya ƙwarai da ƙanana ƙwarai suna baya. Amma kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar “matsakaici” a matsayin lamba ɗaya ga kowace kaza. Matsakaicin kowane iri nasa ne. Ga manyan iri kamar Rhode Island Red da Sussex, ƙwan da ke tsakanin giram 52 da 65 shi ake so. Ƙwan kajin gida na karkara yawanci tsakanin giram 35 da 45 yake, na ƙananan kajin ado ma bai kai haka ba. Ƙwai mai giram 42 ya yi wa Sussex ƙanƙanta ƙwarai, amma ga kazar gida shi ne zaɓaɓɓe, kuma zai fitar da tsako lafiyayye.

Ga yadda za ka gano naka. Tara ƙwai 30 daga iri ɗaya masu shekaru ɗaya, auna su, haɗa nauyin ka raba da 30. A ce ka sami giram 58. Ƙa'idar da nake bi ita ce karɓar abin da bai kauce wa wannan lamba da fiye da kashi 10 cikin 100 ba ta kowane gefe, wato daga 52 zuwa 64. Abin da ya fita waje a ci shi. Rubuta nauyi da ranar a kan ɓawon da fensir, ba da biro ko maka ba.

Me ya sa babban ƙwai ke ba da matsala? Dalili uku ne. Na farko, yayin da kaza ke tsufa ƙwanta na ƙara girma, amma yawan ɓawon da take iya ɗora masa bai ƙaru daidai da haka ba. Kamar a shimfiɗa laka ɗaya a kan tukunya mafi girma ne: dole ta yi siriri. Ɓawo siriri na tsagewa da sauƙi, ƙwayoyin cuta na shiga, ga farin ƙwan tsohuwar kaza ya fi ruwa-ruwa. Na biyu, zafi. Daga tsakiyar kwanci tayi da kansa yake fitar da zafi, kuma yana ƙaruwa kullum. Babban ƙwai cikinsa ya fi fatarsa yawa in aka kwatanta da ƙarami, saboda haka yana wahalar fitar da wannan zafin. Injin na nuna digiri 37.5, amma a cikin babban ƙwai ya zarce haka, tsakon ya galabaita dab da lokacin da ya fi buƙatar ƙarfi. Na uku, gwaiduwa biyu. Ƙwai dogo mai girma fiye da kima, musamman daga sagarar da ta fara ƙwai, galibi gwaiduwa biyu ne. Ko duka biyun na da zakara, wuri da iska ba sa isarsu, da wuya ƙwarai su fito. Haska shi da tocila, in ka ga inuwa biyu, cire shi.

Ƙaramin ƙwai kuma, in daga sagara ne, gwaiduwarsa ƙarama ce, ita ce kuwa guzurin tsako. Ɓawonsa da tantaninsa na da kauri, farinsa na da kauri, iska ba ta ratsawa da sauƙi a kwanakin farko, tsakon kuma na shan wahala wajen fasawa. Wanda ya fito kan zama ƙarami, ba ya jure sanyi. Ka bar sagara ta yi mako 4 zuwa 6 tana ƙwai kafin ka fara ɗiba don ƙyanƙyasa.

Na san abin da ke jan mutane zuwa ga manyan ƙwai, kuma ba su yi ƙarya ba: tsako yakan fito da kimanin kashi biyu cikin uku na nauyin ƙwansa. Ƙwai mai giram 60 zai ba ka tsako wajen giram 40, mai giram 45 ya ba ka wajen 30. Girman ƙwai kuma ana gadonsa. In kana son garkenka ya riƙa yin manyan ƙwai, zaɓi daga rabin sama na matsakaicin, daga kaji masu ƙarfi masu ɓawo mai kyau, ka yi ta haka zubi bayan zubi. A ganina ƙarin giram 3 a jikin tsako bai kai a yi asarar ƙwai 2 cikin 10 dominsa ba.

Mataki na shida: siffa, ɓawo da ajiya

Cire mai zagaye kamar ƙwallo da dogo siriri, don tsako na rikicewa wajen gane inda iska take. Cire mai kaushi, mai tattara, mai laushin kai, da wanda tocila ta nuna masa tsaga ko da kamar gashi ce. Cire mai kashi da yawa. Kada ka wanke ƙwan ƙyanƙyasa: ɓawo na da dubban ƙananan ƙofofi, kuma kaza ta rufe su da wani siririn shafi da ke tare cuta, ruwa na wanke shi. Ɗan datti kaɗan a kankare shi a bushe.

Kwashe ƙwai sau 2 ko 3 a rana. Ajiye shi tsininsa a ƙasa, a wuri mai sanyi, digiri 15 zuwa 18, ba firiji ba, ba kuma ɗaki mai zafi ba, don zafi na sa tayi ya fara girma ya tsaya, ya raunana. Kada ya wuce kwana 7. Ƙwan tsofaffin kaji ya fi saurin lalacewa a ajiya, shi za ka fara sawa. Kafin ya shiga inji, bar shi 'yan sa'o'i a ɗaki ya huce sanyi, don kada ya yi gumi.

Mataki na bakwai: jera su bisa girma, ka bi nauyinsu

Mafi kyau shi ne kowane zubi ya zama iri ɗaya, girma ɗaya. Ƙananan ƙwai na riga manya fitowa. Na ƙananan kajin ado kan fito tun kwana na 19 ko 20, manya kuma kan ƙara sa'o'i a kan 21. In aka gauraya su, na farkon fitowa za su bushe su yi ta tattaka sauran, kai kuma ka yi ta buɗe inji kana zubar da laima. In dole ne ka haɗa, raba su a tire daban-daban, ka sa manyan a inda iskar fanka ta fi ratsawa, ka fara sa su sa'o'i kaɗan kafin ƙananan.

A inji mai fanka, zafi digiri 37.5 zuwa 37.8 a ma'aunin Salsiyos. Laima kashi 50 zuwa 55 har kwana 18, sannan 65 zuwa 70 a kwana ukun ƙarshe. Juya ƙwai aƙalla sau 3 a rana, 5 ya fi, ka daina a kwana na 18. Kai mai faɗi kullum a sama, ko ƙwan a kwance. In tsini ya koma sama, tsako zai kai kansa inda babu iska.

Waɗancan lambobin laima mafari ne kawai. Abin da ake nema a gaske shi ne ƙwai ya rasa kashi 11 zuwa 13 cikin 100 na nauyinsa zuwa kwana na 18, ta hanyar ruwan da ke fita ta ɓawo. Wannan ruwan da ya fita shi ke buɗe gurbin iska a kai mai faɗi, inda tsako zai fara numfashi kafin ya fasa ɓawo. In gurbin ya yi ƙanƙanta, tsako ya kumbura da ruwa, ya shaƙe. In ya yi yawa, ya bushe ya manne. Kuma a nan ne iri da girma ke sake shigowa: ƙwan sagara mai kaurin ɓawo na rasa ruwa a hankali, na tsohuwa mai siririn ɓawo na rasawa da sauri. Laima ɗaya ba za ta yi musu daidai su biyu ba.

Yi haka: auna ƙwai 10 tare ranar da ka sa su, ka yi musu alama. A ce matsakaicinsu giram 60. Kashi 12 na 60 giram 7.2 ne, wato giram 0.4 a kowace rana. A kwana na 9 ya kamata su kai wajen 56.4, a kwana na 18 wajen 52.8. In a kwana na 9 ka tarar da 58, ruwa bai fita sosai ba, rage laima. In 54.5 ka tarar, ƙara laima. Faɗin saman ruwan da ke cikin tire shi ke kawo laima, ba zurfinsa ba, don haka ƙara ko rage faɗin mazubi.

Mai amfani da kaza mai kwanci shi ma girma ya shafe shi. Kaza na rufe ƙwai 10 zuwa 12 masu girman nata. Ƙaramar kaza irin Silkie, duk da ƙwarewarta a kwanci, manyan ƙwai 6 sun ishe ta. In ka ga ƙwai na leƙowa daga ƙarƙashin fiffikenta, sun yi yawa, kuma tun da tana jujjuya su, kowanne zai ɗanɗani sanyi bi da bi.

Mataki na takwas: haskawa

A ɗaki mai duhu, ɗora tocila a kai mai faɗi a kwana na 7 zuwa 10. Mai rai zai nuna jijiyoyin jini kamar saƙar gizo da ɗan baƙin ɗigo mai motsi. Wanda ya fito garau ba komai, ko babu zakara ko ya mutu tun farkon fari. Jan zobe a kewaye alamar tayi ya mutu da wuri ne. Ƙwai mai duhun ɓawo kamar na Marans ta Faransa, da shuɗi na Araucana, haske ba ya ratsa su sosai. Jira kwana na 10 ko 14 kafin ka yanke hukunci, ka dogara da gurbin iska da sikeli. Sake haskawa a kwana na 18, ka cire matattu, ka rufe inji.

Mataki na tara: fasa baragurbi

Bayan kwana na 22 ko 23, kada ka zubar da abin da ya rage haka nan. Fita waje, sa safar hannu, ka fasa kowanne ta kai mai faɗi, kana duba nauyin da ka rubuta da fensir.

In yawancinsu garau ne babu alamar girma, koma ga zakara: yawan matansa, nauyinsa, gashin dubura, shekarunsa, zafin gari. In da jini ko ɗan ƙaramin tayi, duba daɗewar ajiya da zafin wurin ajiya, tsaga, jijjiga a hanya, da gadon durgu. Mutuwar tsakiyar kwanci ba ta cika yawa ba, in ta yi yawa zargi abincin iyaye ko cuta da ta shiga ta ɓawo. In cikakkun 'yan tsaki ne suka mutu ba su fasa ba, duba gurbin iska: ƙarami da tsako jiƙe sharkaf, laima ta yi yawa, babba da tsako a manne, ta yi kaɗan. Duba kuma inda kansa yake. Wurinsa na daidai shi ne ƙarƙashin fiffiken dama, baki na fuskantar gurbin iska.

Sannan jera nauyin waɗanda suka mutu kusa da na waɗanda suka fito. In ka ga matattun ƙarshe sun taru a cikin masu giram 63 zuwa sama, a zubi na gaba sauko da iyakarka zuwa 62, ka ɗan rage zafin inji da kimanin rabin digiri daga kwana na 18, ka ƙara buɗe ƙofofin iska. In a ƙananan suka taru, ƙara wa sagarun mako 2 kafin ka sake ɗibar ƙwansu.